Yadda ake ɗaura sabon jagora a injin tsaga katako

Jagora shi ne dogon ƙarfen da katako ke bi a gefen faifan zarto. A shagunan kafintoci da dama a Sakkwato, wanda injin ya zo da shi ya daɗe da mutuwa, falanki kawai ake dannewa a madadinsa. Wanda ake saye daban yakan zo da ƙarfe mai kusurwa da ake ɗaurewa a gaban tebur, da bututun da jagoran ke zamewa a kai, da tef ɗin awo.

A fara zare filogi. Kada a ce ai an ɗauke wuta, ba ta sallama in za ta dawo.

Faifai ake fara gyarawa kafin a taɓa jagora. A ɗaga shi sama, a sa wa haƙori ɗaya alama, a auna daga shi zuwa dogon ramin da ke kan tebur ta gaba. A juya wannan haƙorin ya koma baya, a sake aunawa. In awon ya bambanta, a sassauta notin da ke riƙe da tebur ko mazaunin faifan, a bubbuga a hankali har ya daidaita. Teburin da mai walda ya haɗa sau da yawa ba shi da ramin. Nan sai a jingina miƙaƙƙen ƙarfe a jikin faifan, tsakanin haƙora, a ja layi a yi awo da shi.

Sai ƙarfen gaba. A danne shi tukuna, samansa ya sauka ƙasa da gindin ramin, kuma tazararsa da saman tebur ta zama ɗaya a dama da hagu. Da wuya tsofaffin hudoji su dace. A buga alama da tsinin ƙarfe, a fara hudawa da milimita 4, a ƙarasa da 9 don noti mai lamba M8. Zubabben ƙarfe a bushe ake huda shi, sannu a hankali, gari yake fitarwa. A sa washa, amma kada a ƙulle noti tamau sai an gama awo.

A ɗaura bututun a kan ƙarfen gaba, sannan a ɗora jagoran ya tashi daga tebur da kamar milimita ɗaya. Ya fi haka, siririn filawud zai kutsa ƙarƙashinsa. A kulle shi, a auna tazararsa da faifai ta gaba da ta baya. Ko dai su zo daidai, ko bayan ya buɗe da abin da bai wuce milimita 0.4 ba. In bayan ya matso wajen faifai, katako zai maƙale, haƙoran baya su ɗaga shi su wurgo wa mai aiki a ciki. Baƙin ƙuna a gefen yanka da nishin inji su ne alamun farko. A kuma gwada fuskar jagoran da sukwaya.

Tef shi ne na ƙarshe. A tsaga guntun katako, a auna faɗinsa na gaskiya, sannan a matsar da alamar da ke nuna lamba a kan tef ta zauna kan wannan lambar. Duk lokacin da aka canja faifai mai kauri daban, a sake dubawa.

Kada a shafa wa bututun giris. Ƙurar hunturu da garin katako za su cakuɗe da shi su daskare. Goga kyandir ya wadatar. Mai son lulluɓe fuskar jagoran ya sa filawud, don ɗanyen katakon kudu kan kantare da zarar ya sha zafin bazara.