Yadda na gyara matsalar FTP a shagonmu na Aboabo

Muna da shagon buga takardu a Aboabo, cikin Kumasi, kuma fayilolin kwastomomi a kan sabar FTP muke ajiye su, wato wata kwamfuta ta ajiya da ake tura wa fayil ko a ɗauko daga gare ta, ta tsarin aika fayil da ake kira FTP. Tun da aka canja mana na'urar raba intanet, manhajar rubutu ta ofis ta daina buɗe komai daga can. Sai ta karɓi suna da kalmar sirri, ta tsaya cak, can kuma ta ce haɗi ya yanke.

Yaron shago ya ce, "Oga, ai kalmar sirri ce." Ba ita ba ce. Manhajar ofis ba ta faɗin dalili, shi ya sa na gwada da FileZilla, wata manhajar FTP mai nuna amsar sabar layi-layi. Da kalmar sirri ce, lambar 530 zan gani. Abin da ya fito 425 ne, wato hanyar ɗauko fayil ce ta ƙi buɗuwa.

FTP hanya biyu yake bi: ta umarni da ta fayil. Umarni yana wucewa ta ƙofa ta 21, wato mashigar haɗi mai wannan lambar a kan sabar, wannan lafiya lau. Amma a tsarin aktif, wanda muke kai a lokacin, sabar ce ke juyowa ta nemi kwamfutarka don miƙo fayil, sabuwar na'urar kuwa ba ta barin baƙo ya shigo. A tsarin fasif kwamfutarka ce ke buɗe duka biyun.

Na mayar da saitin zuwa fasif, na kira mai kula da sabar ya buɗe ƙofofin fasif a katangar tsaronsa, wato abin da ke tace haɗin da zai shiga sabar. Nan take jerin fayiloli ya bayyana.