Yadda zaka koyi buɗin Italiya daga wasannin Greco

Duk wanda ya fara darar ces a waya kuma kullum ana cinye shi tun farkon wasa, shawarata ya ajiye haddar manyan buɗe-buɗe tukuna, ya koma wajen Gioachino Greco, wani tsohon gwanin ces. Ɗan ƙauyen Celico ne a yankin Kalabriya, kudancin Italiya, an haife shi wajen 1600. Zamaninsa babu gasa irin ta yau, ta farko ta ƙasa da ƙasa ma sai 1851 aka yi ta a Landan, to shi yawo ya riƙa yi daga Rum zuwa Faransa, Ingila, Sifaniya yana kara da mutane a kan kuɗi, yana rubuta wasanni da hannu yana ba attajirai. Wannan rubutun ne ya rage mana.

Ka buɗe allon nazari a Lichess, shafin ces na intanet, kyauta ne, in kana da allo na katako ma ya fi. Jera wannan da hannunka, kai ne fari, a kowane biyu motsin farko naka ne na biyu na baƙi: e4 e5, doki f3 doki c6, bishof c4 bishof c5. Wannan shi ne buɗin Italiya. Tsaya nan ka kalli gidan f7, sarki kaɗai ke tsaron sojan dake wurin, kuma can bishof ɗinka yake kallo. Yawancin harin Greco nan yake sauka.

Ci gaba: c3 doki f6, d4, a yi musayar sojoji a d4, baƙi ya kai ma sarki hari da bishof b4, kai kuma ka tare da doki c3. Baƙi ya ci e4 da doki, kar ka damu, ɓoye sarkinka gefen dama kawai, wato sarki g1 ruk f1 a motsi ɗaya. Ya ci c3 da doki, ka rama da soja, ya sake ci da bishof, sai ka kai sarauniya b3 ka bar mashi ruk na a1 a fili. In kwaɗayi ya ja shi ya ci, bishof ɗinka ya faɗa f7, sarkinsa ya matsa f8, sai ɗayan bishof ɗin g5, ya tare da doki e7, kai kuma doki e5, wallahi daga nan sai dai ya yi ta kare kai alhali rabin kayansa suna gida ko motsi basu yi ba.

Kar ka riƙa danna gaba gaba da sauri, nan ne mutane ke asara. Kafin kowane motsi na fari rufe shi ka yi hasashe, in naka ya bambanta tambayi kanka me Greco ya gani da baka gani ba. Wasa ɗaya a rana ya isa, gajeru ne ai.

Amma fa gogaggen ɗan wasa ba zai ci ruk ɗin nan ba, d5 zai tura ya tare hanya, shi yasa manya irin su Fabiano Caruana, wanda ya wakilci Italiya daga 2005 zuwa 2015, suka fi buga d3 a hankali maimakon d4. Wannan sai daga baya, yanzu dai juya allon ka buga baƙi ka gwada kare f7 da kanka.