Kurakuran da aka fi yi wajen lissafi a kan alƙaluman da manhaja ta nuna

Sakatarorin ƙungiyoyin manoma da masu kula da bayanai a ƙananan asibitocin karkarar Jigawa sun fara sabawa da manhajojin da ke mayar da alƙaluma zane da jadawali, irin su Excel da Power BI da Tableau. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwai lissafin da manhaja take yi a kan dukkan bayanan da aka shigar mata, akwai kuma wanda take yi a kan abin da ya bayyana a allo kawai, bayan an tattara an tace. Galibin kurakuran daga cakuɗa waɗannan biyun suke tasowa.

Wanda ya fi ɓarna shi ne na kaso cikin ɗari bayan an tace bayanai. A ɗauka, a matsayin misali, wata ƙungiya ta sayi buhun riɗi 1,000 daga ƙananan hukumomi 27 na jihar, buhu 50 daga ciki daga Ringim, wato kashi 5 cikin ɗari. Idan sakatare ya tace jadawalin ya bar Ringim da Taura da Garki kaɗai, waɗanda jimillarsu buhu 200 ce, nan take kason Ringim zai koma kashi 25, alhali ko tiya ɗaya ba a ƙara mata ba. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, ta raba 50 ne da abin da ya rage a gabanta. Na taɓa zama a wani taro inda aka haska irin wannan jadawali a jikin bango, wani dattijo ya gyara zama a kan tabarma ya ce wa sakataren, "Malam, yaushe muka noma rubu'in riɗin jiha ba mu sani ba?" Gyaran a Tableau shi ne a lissafa jimillar da umarnin FIXED, domin ana aiwatar da shi kafin tacewar da aka saba yi, ko kuma a ɓoye layukan da ba a so maimakon a tace su, tunda layin da aka ɓoye yana nan cikin lissafi. A Power BI kuwa umarnin ALL ne ke cire tacewar daga jimillar da ake rabawa da ita.

Sai kuma ɗaukar matsakaicin matsakaitai, wanda ko masu ilimin lissafi yakan kama su saboda sakamakon yakan yi kama da gaskiya. Idan manoma 2 a wani ƙauye kowanne ya sami buhun gero 30, manoma 18 a wani ƙauyen kuma kowanne ya sami 10, jadawali zai nuna 30 da 10, wanda ya haɗa su ya raba biyu zai ce matsakaicin buhu 20 ne. Amma duka buhunan 240 ne, manoman kuma 20, saboda haka matsakaicin gaskiya buhu 12 ne. An bai wa mutum biyu nauyin mutum goma sha takwas ke nan. Ƙa'idar ita ce a fara tara na sama gaba ɗaya, wato buhunan, a tara na ƙasa gaba ɗaya, wato manoman, sannan a raba, ba a raba layi-layi a tara sakamakon ba. Haka abin yake wajen farashin buhu, da yawan amfanin da kowace hekta ta bayar, da kason yaran da aka yi wa rigakafi a mazaɓu masu bambancin yawan jama'a.

Akwai kuma batun alkiblar lissafi. Idan watanni suna jere a sama, ƙauyuka kuma a gefe, jimilla mai hauhawa, wato wadda ake ta ƙara kowace lamba a kan jimillar waɗanda suka gabace ta, za ta iya bin watanni daga hagu zuwa dama, za ta kuma iya gangarowa ta bi ƙauyuka, kuma da zarar an juya jadawalin ma'anar lissafin takan canja ba tare da wani gargaɗi ba. Ya kamata a zaɓa wa manhajar sunan abin da za ta bi, wato wata, maimakon a bar ta da "gefe" ko "ƙasa".

Kuskuren watan da ya ɓace ya fi shafar mu mutanen karkara. A yankin Haɗeja da Auyo, inda ambaliya kan yanke hanya da damina, yakan faru rahoton Agusta bai iso ba sam. Lissafin bambanci da watan baya yana duba abin da ke maƙwabtaka da shi a allo ne, ba kalanda ba, don haka sai ya gwada Satumba da Yuli, mai karatu kuma ya ɗauka canjin wata ɗaya yake gani. Maganinsa shi ne a umarci manhajar ta nuna watannin da babu bayanansu, a bar gurbin Agusta fayau. Kada kuma a cike gurbin da sifili, domin rashin rahoto daban, rashin zuwan marasa lafiya asibiti daban, kuma sifilin zai ja matsakaicin shekara ƙasa.

Ƙaramin cikinsu shi ne kwafe lambobin da aka taƙaita. Manhaja takan nuna 33 sau uku alhali a cikinta 33.33 take riƙe da shi, wanda ya kwafe da hannu ya tara sai ya sami 99 maimakon 100 ya shiga neman ɗayan da bai ɓata ba. A bar manhajar ta tara da cikakkun lambobinta, a taƙaita a ƙarshe, kuma kafin a kai rahoto gaban shugabanni a ɗauki ƙauye ɗaya a lissafa nasa da biro daga littafin rajista, a gwada da abin da allo ya nuna.