Kafin ka ɗaga gora a ƙasar mutane

Da na zo gida hutun ƙaramar salla, wata yamma muna zaune a dandalin ƙauyenmu da ke gefen Ringim sai ihu ya tashi daga bayan gari: mahaukacin kare ya shigo, har ya ciji tunkiya. Kafin ka ce kwabo samari sun fito, wani da gora, wani da taɓarya. Ba a yi rabin sa'a ba aka gama da shi. Ban ga laifin kowa ba, domin a nan in ba mu tashi ba babu mai tasar mana. Sai dai cikin waɗanda suka fi zafin nama har da yara biyu da za su tafi karatu Ingila bana. Su nake rubuta wa, da duk wanda zai bi sawunsu.

Ƙannena, wannan gorar ku bar ta a gida. Karen da za ku gani shi kaɗai a titin Ingila, kusan kullum yana da mai shi, kuɓucewa ya yi. Tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, likitan dabbobi na haska ta zai gano mai shi. Jifansa ko haurinsa laifi ne a dokar kula da dabbobi ta 2006, kuma tun 2021 hukuncin zaluntar dabba yana iya kai shekara biyar a gidan yari. Maƙwabcin da bai taɓa amsa gaisuwarka ba zai ɗauke ka a waya ta taga. Mai zama da bizar karatu kuwa bai kamata sunansa ya shiga kotu ba ko kaɗan.

Abin da ake so ka yi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In rago ya ɓato cikin garkenmu, ai ba yankawa muke ba. Gidan mai unguwa ake kai shi, a yi cigiya a masallaci. To can ƙaramar hukuma ce mai unguwar. Doka ta ce wanda ya tsinci kare ya mayar wa mai shi ko ya sanar da ita. Tana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya zo ya ɗauka, a ajiye kwana bakwai ana jiran mai shi, shi kuma ya biya kuɗin ɗawainiya kafin ya karɓa. 'Yan sanda sai in karen yana barazana ga mutane. Dabbar da ka ga ana azabtarwa kuwa, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ake kira, wadda take wannan aiki tun 1824.

Ba zan ɓoye muku ba, jiran yana da ciwo. Mutumin da ya saba magance matsalarsa da hannunsa, a ce ya tsaya yana danna waya, ana ce masa sai gobe, abin yana ci masa rai. Kuma ba komai hukumar take zuwa dominsa ba. Dila tana yawo a unguwannin Landan da dare kamar akuyar sake da rani, tana yaga ledar shara, in ka kira galibi shawara kawai za a ba ka. Nan ne naka aikin yake: rufe kwandon shara da kyau, kada ka zubar da ƙashi ko sauran tuwo a bayan gida, toshe ramin da ke ƙasan shinge. Guba kuwa kada ma ta zo maka a rai. Laifi ce, kuma sau da yawa magen maƙwabci ce za ta ci.

Magen da ke ratsa tsakar gidanka ma ba tsintuwa ba ce, yawonta take, za ta koma. Tattabarun kasuwa da agwagin tafkin shaƙatawa, dokar 1981 ta kare tsuntsayen daji, saboda haka danƙo da tarko ba su da wuri.

Tsoron da ya sa muke rugawa da gora, wato ciwon haukan kare, an raba karnukan Birtaniya da shi kimanin shekara ɗari da suka wuce. Wanda zai tafi Amurka ne ya kamata ya yi hattara, don can cutar tana jikin namun daji, har da jemage. Dabbar dajin da ta nufo ka da rana tsaka ba ta jin tsoro, ja da baya, ka shigar da yara ɗaki, ka kira sashen kula da dabbobi na gundumarku. A manyan birane da yawa lambar 311 za ta haɗa ka da su.

Abu ɗaya ne ba a jiran kowa a kansa, a can ko a nan. In an cije ka ko an yage ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti goma sha biyar, sannan ka wuce asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a ciki. Da alamunta sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Ranar da aka kashe karen nan kowa ya koma gida yana yaba jarumtar samari, sai washegari muka ji ya yagi wani yaro mai kiwo a dunduniya, uwarsa ta shafa masa toka ta ɗaure da tsumma. Da kanmu muka ɗora shi a babur zuwa asibiti aka fara masa allura. Duk lokacin da kuka bugo waya gida, ku riƙa tuna wa su Inna wannan.