Yadda ake auna kayan wuta da ƙarfin janareta kafin a ƙona shi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 wuta ta zama sai an ga dama, kuma daga Gadarif zuwa Mai Wurno ƙananan janareta sun cika gidaje. Da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa gyara ba tsufa ya kashe su ba, lodi ne.

Fara da ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin injin, ka manta da manyan lambobin kwali. Lambobi biyu ne: ƙarfin da yake bayarwa kullum, da wanda yake iya kaiwa na ɗan lokaci. Na farkon shi ne naka. In da ma'aunin kVA aka rubuta ƙarfin, ninka da 0.8 ka samu wat, wato mai 2.5 kVA wat 2,000 ne. A cikin wannan ma kada ka wuce kashi 80 cikin 100, wato 1,600, domin ba a irin zafinmu na watan Mayu aka gwada shi ba, kuma injin da ke shaƙar iska mai zafi ƙarfinsa raguwa yake. Duba ma ko an rubuta 50Hz, wato saurin juyawar wutar da yake bayarwa. Janaretan da 'yan'uwa ke aikowa daga Saudiyya galibi 60Hz ne, wutar Sudan kuwa 50Hz ce, don haka injin firji ko na ruwa zai riƙa gudu fiye da yadda aka ƙera shi.

Sai ka tara wat ɗin kayanka. Fanka uku wajen 210, ƙwan fitila shida 60, talabijin 100, firji 150. In amfiya (A) kawai aka rubuta a bayan abu, ninka da 230 ka samu wat.

To, ga inda mutane ke faɗawa. Sun tara, sun ga 520, sun ce ai da sauran wuri. Amma duk abin da ke da mota a cikinsa, firji, injin jan ruwa, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙun da yake tashi. Firjin nan na 150 zai iya neman 600 ko sama. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan wat 1,000 in ya daidaita, amma tashinsa na neman wajen 3,000, kuma janareta mai wat 2,000 ba shi da su. Za ka ji muryarsa ta shaƙe, fitilu sun dushe, firji na gurnani bai tashi ba. Wannan gurnanin kwamfiresa ce, wato injin da ke sanyaya firjin, ke dahuwa, kuma sabuwa na da tsada. Saboda haka lissafin gaskiya shi ne: jimillar kayan duka, a ƙara da fizgar abu mafi girma guda ɗaya. Ni ban yarda a haɗa injin ruwa da firji a kan ƙaramin janareta ba ko da lissafi ya ba da dama. Cire firji, cika tanki, kashe injin, sannan mayar da firjin bayan minti biyar.

Dutsen guga da butar lantarki kuwa a bar su. Kowanne na iya shan 1,500 zuwa 2,000 shi kaɗai, gawayi ya fi araha.

Wajen tayarwa, cire komai, bar injin ya yi minti biyu, jona babban abu tukuna, ƙanana su biyo ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa ma a cire kaya kafin a kashe. Waya ta zama mai kaurin 2.5mm², a warware ta duka, in ta yi ɗumi a hannu to ta yi sirara. Kada a cusa fulogi a soket ɗin bango don ba gida wuta, sai mai gyaran wuta ya sa makunnin da ke raba layin gwamnati da na janareta, in ba haka ba ma'aikacin da ke kan falwaya na iya mutuwa. Injin ya zauna a tsakar gida, wajen mita 6 daga taga, ko da ana tsoron ɓarayi, don hayaƙinsa na kashe masu barci. Zuba fetur kuma sai injin ya huce.