Yadda Ake Buɗe wa Bututun Intakula Hanya a Bodin Mota Ba Tare da An Raunana Ta Ba

Ɗaura turbo aikin makanike ne, amma ranar da bututu ya ƙi wucewa, mu masu gyaran bodi ake kira. A garejinmu na nan Gusau samari kan turo tsohuwar Honda Civic ko Golf, an sayo turbo da intakula daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sai mai mota ya nuna wani wuri da yatsa ya ce, "Maigida, nan kawai za ka yanke mini." Amsata kullum ɗaya ce: ajiye giranda tukuna, ɗauko kwali da alli.

Ga dalilin wahalar. Turbo yana matse iska kafin ya tura wa inji, iskar da aka matse kuwa zafi take ɗauka. Da rana a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kai digiri 40, iskar da ke fitowa daga turbo takan haura digiri 100. Intakula ke sanyaya ta, don haka dole ya zauna a gaba inda iska ke bugu. Bututu biyu ke nan za a nema wa hanya: mai zafi daga turbo zuwa intakula, mai sanyi daga intakula zuwa maƙogwaron inji. Kamfanin da ya ƙera motar bai bar musu gurbi ba.

Cire bamba, fitilun gaba, akwatin tace iska da robar cikin madigadi, ka cire kan batir. Intakula ake fara kafawa, domin shi ba ya lanƙwasuwa. Ɗora shi a kan katako ka ɗaga har ya daidaita, ka lura kada ƙasansa ya sauko ƙasa da ƙarfen da lagireto ke zaune a kai. Wanda ya bi hanyoyin cikin unguwa a Tudun Wada bayan ruwan Agusta ya san abin da rami da bakin kwalbati ke yi wa duk abin da ya leƙo a ƙasan mota. Yi masa ƙafafu da ƙarfe mai kaurin milimita 3, ka sa roba tsakaninsu da shi, don alminiyam ba ya jure girgiza, a bakin walda yake tsagewa.

Akwai ƙarfen da ke kwance a bayan bamba, wanda ke karɓar duka in an yi karo. Da yawa sukan cire shi su jefar don intakula ya fito fili a gani. Ni ba na yin wannan aikin ko nawa za a biya. A garin da ɗan kabu-kabu ke iya faɗo maka daga kowane lungu, wannan ƙarfen ne tsakanin ƙaramin gyara da asarar intakula, lagireto da turbo a lokaci guda. In ya tokare, a rage leɓensa na ƙasa kaɗan, a toshe wurin da faranti a yi walda ya koma rufaffe yadda yake. In har yanzu bai shiga ba, intakulan ne ya yi wa motar girma, a canzo ƙarami.

Sai hanyar bututu, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokaci. Lanƙwasa wayar walda ka bi da ita daga bakin intakula zuwa inji, ka ga inda take son bi. Daga nan ka gwada da bututun roba na masu aikin famfo, mai arha ne, in ka yanka ba daidai ba babu asara. Ga injin lita 1.5 ko 1.6, bututu mai faɗin inci 2.25 ko 2.5, wato milimita 57 ko 63, ya wadatar. Masu nacewa a kan inci 3 suna jawo wa kansu yankan da ba dole ba, ga shi turbo zai ƙara jinkiri kafin ya cika shi da iska. A rage kwana gwargwadon iko, kwana mai faɗi kuma ya fi mai kaifi.

Civic ta 1992 zuwa 2000 tana da sauƙi ɗaya. A gefen fasinja, ƙarƙashin akwatin tace iska, akwai ramin da kamfani ya bari inda bututun shan iska ke sauka bayan bamba. Ta nan bututu mai sanyi ke hawowa, sau da yawa faɗaɗa shi kawai ake yi. Wahalarta tana gaba, domin salansar injin tana fitowa ne ta fuskar lagireto, turbo yana zama dab da fanka. Siririyar fanka takan warware wannan. A wasu motocin batir ne ke tare hanya, ko tulun ruwan wanke gilashi. Matsar da su ya fi yanka ƙarfe sauƙi. In za a mai da batir but, a yi masa akwati a ɗaure shi da noti, a ja waya mai kauri, a sa fis kusa da kansa.

Kafin ka huda ko'ina, ƙwanƙwasa wurin. Falle ɗaya na bangon cikin madigadi bai fi kaurin milimita 1 ba, ana iya huda shi. Amma dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga ƙarƙashin mota suka riƙe inji, da tudun da shokozoba ke ɗaure a kai, da duk inda ka ga falle biyu ko uku an haɗe su da ɗigon walda, waɗannan ƙashin bayan mota ne. An taɓa kawo mana wata mota da aka fafe wa ɗaya daga dogayen ƙarafan nan rabi a wani gareji don bututu ya miƙe. Taya na cinyewa ta gefe ɗaya, sitiyari na ja, mai ita ya yi ta kai wa masu saiti a banza, don gaban motar ne ya riga ya karkace. Bututu ake lanƙwasawa ya kauce wa ƙarfe.

Ramin ya fi bututun faɗi da aƙalla milimita 10 ta kowane gefe. Bututun milimita 63 yana son ramin 83. Inji ba a tsaye yake cak ba, yana kan roba, duk sanda aka taka mai ko aka sauya giya sai ya yi gaba ya yi baya, bututun na biye da shi. In ka matse ramin, bakin ƙarfe zai yi ta cin alminiyam har ya huda. Zana da'irar a kwali, manna, leƙa bayan wurin ka tabbata babu waya ko bututun birki, wayar da aka naɗe da rawaya kuwa ta jakar iska ce, kada a kusance ta. Zarton da'ira da ake ɗaurawa a injin huda ya fi komai tsabtar yanka, a tafi a hankali ana ɗiga mai. Wutar kabaid tana murɗe falle, tana ƙone fentin ciki inda hannu ba ya kaiwa, daga nan tsatsa ke farawa. In dole sai giranda, rufe gilashi da jiƙaƙƙen buhu, don tartsatsi yana cin gilashi ya bar tabo.

Bayan yanka, goge bakin da magagari har yatsa ya bi bai ji kaifi ba. Shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, a bi da na mota. Tsaga tsohon tiyon mai a tsaye ka lulluɓe bakin ramin da shi. In ramin ya faɗa kusa da lanƙwasar falle, yanko zoben ƙarfe ka kewaye shi da ɗigon walda nan da can, kana bari yana hucewa.

Bamba ta roba ce, ta ciki ake rage ta, kaɗan-kaɗan, ana mayarwa ana cirewa. Kada a wangale bakinta fiye da fuskar intakula, sannan a toshe gefuna da soso ko falle don iska ta ratsa ta cikinsa ta isa lagireto. Mutane suna mantawa cewa sun sa wa lagireto shamaki a gaba, sai allurar zafi ta fara hawa a hanyar Funtuwa. Robar cikin madigadi kuma a mayar da ita ko da an rage ta, in ba haka ba tsakuwar da taya ke watsowa za ta lotsa bututun.

Kowane bakin bututu yana bukatar ɗan tudu a kewaye. In matsin iskar turbo ya kai fam 10 a ma'aunin iskar taya, ƙarfin da ke ƙoƙarin zare bututun inci 2.5 daga robar mahaɗarsa ya kai kilo 22, santsin baki ba zai riƙe ba. In babu injin yin tudun, mai waldar alminiyam ya zagaya bakin da siririn layi, a ɗaure kilif a bayansa.

Kafin a mayar da bamba, toshe bakin bututun biyu, ɗaya da marfi mai bawul ɗin taya, a kira mai faci ya hura iska zuwa fam 10, a zuba ruwan sabulu a kowace mahaɗa a duba kumfa. Sannan a sauke motar daga jak, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a ga ko taya na gogar bututu. Ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyi, wani ya sa giya ya ɗan saki kuloci kai kana tsaye daga gefe kana kallon yadda inji ke motsi. Shafa alli a bututun a duk inda ya kusanci ƙarfe, a zaga gari, a dawo a buɗe. Inda allin ya goge, a ƙara buɗe wurin da milimita 5, a sake fenti, a kuma sake matse kilif-kilif bayan injin ya huce.