Yadda Ake Gina Sana'ar Wasan Dabo Bisa Tafarkin Siegfried na Jamus

An haifi Siegfried Fischbacher a garin Rosenheim da ke kudancin Jamus a shekarar 1939, ya kuma rasu a Las Vegas ta Amurka a watan Janairun 2021, bayan ya shafe fiye da shekara arba'in yana nishaɗantar da jama'a da wasan dabo tare da abokin aikinsa Roy Horn. Irin wasan da ya yi babu tsafi ko aljani a cikinsa. Saurin hannu ne, da kayan aiki da aka ƙera da dabara, da sanin inda idon ɗan kallo zai karkata. Duk mai son koyon sana'ar zai amfana idan ya bi matakan da wannan mutum ya taka, amma ba dukkansu ne suka cancanci a kwaikwaya ba.

Ka fara da ƙaramin abu, ka kuma daɗe a kansa. Siegfried tun yana yaro ya samu littafin koyon dabo, daga nan ya soma da abubuwan da hannu ɗaya zai iya riƙewa. Ka samu tsabar kuɗi guda ɗaya mai ɗan faɗi, ka riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuniya na hannun hagu, ka kawo hannun dama kamar za ka ɗauke ta, amma a daidai lokacin da yatsun dama suka rufe ta sai ka sake ta ta faɗa cikin tafin hagu. Hannun dama ya tafi a dunƙule, idonka ya bi shi, hannun hagu kuwa ya sauka a sake kamar babu komai a cikinsa. Asirin yana wurin idon, domin ɗan kallo yana duban inda kake duba ne, kuma da zarar ka saci kallon hannun da ke ɓoye da kuɗin, ka tona kanka. Hanyar da ta fi kyau ita ce ka riƙa ɗaukar kuɗin da gaske sau da yawa a gaban madubi, ka lura da yadda kafaɗarka da yatsunka suke motsawa, sannan ka mayar da motsin ƙarya ya zama daidai da na gaskiya. Daga baya ka ajiye madubin ka koma ɗaukar kanka a bidiyo da waya, saboda mai atisaye a gaban madubi yakan ƙifta ido a daidai wurin kuskurensa ba tare da ya sani ba.

Akwai ƙa'idoji biyu da masu sana'ar suka daɗe suna riƙo da su: kada ka faɗa wa jama'a abin da zai faru kafin ya faru, kuma kada ka maimaita dabara ɗaya a gaban mutane ɗaya, ko da sun roƙe ka. A karo na biyu ba mamaki suke nema ba, hannunka suke gadi.

Bayan hannu ya faɗa, sai ka nemi wurin da za ka tsaya gaban baƙi a kai a kai, ko da kuɗin da za a biya ka bai taka kara ya karya ba. A 1956 Siegfried ya tafi Italiya ya kama aiki a otal, daga bisani ya samu aikin hidimar fasinjoji a jirgin ruwa mai suna Bremen, inda yake yi musu wasa da sunan Delmare. A ganina babu makarantar da ta fi wannan, domin fasinjojin jirgin ruwa suna tare da kai kwana da kwanaki, sun ga wasan jiya, dole ka zo musu da sabo yau, kuma idan ka gaza za ka haɗu da su da safe a wurin karin kumallo. Wurin biki, taron makaranta ko gidan cin abinci duk za su iya yi maka wannan aiki. Ka tsara wasa na minti goma mai farko da tsakiya da ƙarshe, ka buɗe da abu mai sauri, ka ajiye mafi ƙarfi a ƙarshe, kuma bayan kowane wasa ka rubuta inda jama'a suka yi shiru da inda hankalinsu ya gudu.

Wanda yake zaune a Jamus yana da wata dama, wato ƙungiyar masu dabo ta ƙasar, Magischer Zirkel von Deutschland, wadda aka kafa a Hamburg a 1912. Tana da rassa a garuruwa da dama, ana shiga ne bayan an ci jarrabawa ta ilimi da ta aiki, kuma ita ke shirya gasar ƙasa da ake bi zuwa gasar duniya ta FISM, wato tarayyar ƙungiyoyin masu dabo ta duniya.

Mataki mafi wuya shi ne samun abin da za a san ka da shi kai kaɗai. A cikin jirgin nan na Bremen ne Siegfried ya haɗu da Roy, matashi daga Nordenham mai son dabbobi, wanda ya ga fitar da zomo daga hula ya zama ruwan dare, ya kawo shawarar a yi wasan da Chico, wata irin damisa mai tsananin gudu da ake kira cita. Wannan ne ya bambanta su da sauran. Ka lura kuma da cewa wasansu na ido ne, bai dogara da yawan magana ba, shi ya sa Bafaranshe da Ba'amurke da Bajapane duk suka fahimce shi. Duk da haka nasara ba ta zo da wuri ba: sun isa Las Vegas a 1967, suka yi shekaru suna fitowa a matsayin ɗan yanki cikin shirin wasu, sai a 1981 suka samu cikakken shiri nasu a otal ɗin Frontier, sannan a 1990 suka koma otal ɗin Mirage, inda aka tanadar musu zaure mai ɗaukar mutum kusan 1,500.

A nan ne ya kamata mai koyo ya raba hanya da su. Ranar 3 ga Oktoban 2003, ranar da Roy ya cika shekara 59, wata farar damisa mai ratsi ta kama shi a wuya a kan dandamali a gaban jama'a, ya tsira da rai amma da nakasa, aka rufe shirin baki ɗaya, ma'aikata sama da ɗari biyu suka rasa aikinsu. Mutumin da ya fi kowa sanin dabbar ne abin ya faɗa wa, kamar yadda gardawa masu wasa da kura suka san cewa takunkumi ba ya canza halinta. Saboda haka ka nemi alamarka a wani wuri, ko a barkwanci, ko a kiɗa, ko a labarin da kake ɗora wasan a kansa. Idan kuma wasanka ya haɗa da wuta, wuƙa ko ruwa, ka duba kayan da hannunka kafin a buɗe labule, ka ware mutum ɗaya a gefen dandamali wanda yake da ikon tsayar da wasa nan take ba tare da ya nemi izininka ba, kuma ka tabbatar an rubuta a yarjejeniyar aikinka wanda zai ɗauki nauyin magani idan wani ya ji rauni.